Daga Kunkurun Papert Zuwa Gizon Birnin Kudu: Tarihin Manhajojin Koya wa Yara Ƙirƙirar Wasan Kwamfuta

 

Mun san wasu za su ga kanun nan su ce, to me ya haɗa marubucin Hausa da wasan kwamfuta? Mu da muke fama da tsadar ɗab'i da ƙarancin masu sayen littafi, ina mu ina zancen gem? A yi haƙuri a biyo mu zuwa ƙarshe. Manhajojin da ake koya wa yara su ƙirƙiri wasanninsu da kansu sun haura shekara hamsin a duniya. Sun leƙo Nijeriya fiye da sau ɗaya, amma duk zuwan da suka yi sai su tsaya nesa da yaran Birnin Kudu da Gwaram da sauran garuruwanmu. Idan muka bi tarihin za mu ga abubuwa uku ne suke tare hanya: wutar lantarki, da malamin da ya iya, da kuma abin da za a zuba a cikin manhajar. Biyun farko ba su hannunmu. Na ukun kuwa aikin marubuci ne, kuma har yau ba mu taɓa shi ba.

Yaranmu sun saba ƙera abin wasansu

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ya san Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. A tsakiyar shekarun 1950 ne Bernard Fagg, Baturen nan masanin kayan tarihi da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarin zanen da ke jikin waɗannan duwatsu. Yawancinsu zanen shanu ne marasa tozo, waɗanda ba irin da muke kiwo yanzu ba. A nan ne kuma ya ci karo da duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan aka buga su da ƙaramin dutse, ya buga bayaninsu a 1956. Ya kuma lura cewa a wurare da dama, kusa da irin waɗannan duwatsu akan tarar da inda dutse ya yi santsi saboda yawan zamiyar yara. Wato tun zamanin da babu wanda ya rubuta, mutanen wannan yanki sun sami dutse, suka mayar da shi allo da ganga da filin wasa.

Wannan hali bai ɓace ba. Mu da muka tashi a ƙauyukan Gwaram da unguwannin Birnin Kudu mun ƙera mota da kara da gwangwanin madara da tsohon silifa. 'Yan mata sun yi 'yar tsana da ƙashi ko da kara, suka yi mata kitso da zare. Ba mu jira an kawo mana daga kanti ba.

Ku dubi dara ma da dattawa ke yi a gindin bishiya. Ramuka talatin ne, biyar a jere shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu. Ana fara da dasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga tafiya, kuma idan ka jera uku sai ka cire ɗan abokin karawarka. Duk yaron da zai iya zayyana waɗannan dokoki a jere, ya ce idan kaza ya faru to kaza za a yi, ya riga ya kama ginshiƙin rubuta wa kwamfuta umarni. Abin da ya rage masa shi ne na'urar da kuma wanda zai nuna masa ƙofa.

1967: Kunkuru mai jin umarni

Wanda ya fara tsayawa kai da fata a kan cewa yaro zai iya ba kwamfuta umarni haifaffen Afirka ne. An haifi Seymour Papert a birnin Pretoria na Afirka ta Kudu a 1928. Ya karanta lissafi, ya yi aiki na wasu shekaru a Geneva tare da Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara ke girma, sannan ya koma jami'ar MIT a Amurka. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka fito da Logo, harshen kwamfuta na farko da aka tsara musamman domin yara.

Abin da ya sa Logo ya yi suna shi ne kunkurunsa. Da farko wani ɗan mutum-mutumi ne mai taya da ke tafiya a ƙasa da alƙalami a cikinsa, daga baya ya koma ɗan alama a fuskar kwamfuta. Yaro zai ce masa ya yi gaba taku ɗari, ya juya dama digiri 90. Idan ya maimaita haka sau huɗu sai ga murabba'i ya fito. Idan zanen ya karkace, babu malamin da zai ɗaga bulala. Yaron ne zai tashi tsaye, ya taka da ƙafarsa kamar shi ne kunkurun, har ya gano inda kuskuren yake.

A littafinsa Mindstorms na 1980, Papert ya bayyana damuwarsa cewa makarantu suna so kwamfuta ta riƙa sarrafa yaro da tambayoyi da amsoshi, alhali yaron ne ya kamata ya sarrafa ta. Ra'ayinsa shi ne mutum ya fi koyo idan yana ƙera wani abu da yake so, wanda zai iya nuna wa wasu. Wata ɗalibarsa, Yasmin Kafai, ta gwada haka da wasanni. Ta sa 'yan aji huɗu na wata firamare a Boston suka shafe watanni suna ƙirƙirar wasannin kwamfuta da Logo, domin koya wa ƙannensu lissafin rabi da sulusi da rubu'i, kuma ta buga sakamakon a littafi a 1995. Yaran da suka zauna tsara wasa domin koyar da wani, su kansu sai da suka fahimci lissafin.

Logo bai daɗe ba ya zo Afirka ta Yamma. A 1982 Papert da abokin aikinsa Nicholas Negroponte sun kai kwamfutocin Apple II birnin Dakar na Senegal, a ƙarƙashin wata cibiya da gwamnatin Faransa ta kafa, kuma yara suka kama abin cikin sauri. Sai dai gwaji ne na 'yan yara kaɗan a babban birni, bai bazu ba.

Abin da ya iso gare mu

A Nijeriya, gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da ilmin kwamfuta a 1988, aka fara da makarantun sakandare na tarayya. A lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna cikin tsohuwar Jihar Kano, domin sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, Jigawa ta shiga sahun farko na jihohin da suka zuba kuɗi a harkar intanet a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kuma buɗe makarantar koyon kwamfuta a Kazaure da haɗin gwiwar Informatics ta ƙasar Singafo. Matasa da dama sun samu sana'a ta wannan hanya. Amma horo ne na manya masu neman difloma da aikin ofis. Yaro ɗan shekara tara ba ya cikin lissafin.

Mu da aka haifa a daidai wannan lokaci mun san yadda darasin kwamfuta ya zo mana. A allo ya zo. Malam zai zana akwati mai igiya ya ce wannan shi ne linzamin kwamfuta, mu kwafa a littafi, mu haddace sunayen sassanta, mu rubuta a jarrabawa, mu ci. A wata makarantar da ɗaya daga cikinmu ya yi, akwai ɗaki guda da aka jera kwamfutoci aka lulluɓe su da yadi saboda ƙura. Ba a buɗe shi sai in baƙi za su zo, domin babu wuta kuma babu kuɗin man inji. Da yawanmu ba mu taɓa linzamin nan da hannu ba sai da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, muka shiga neman inda za mu koyi danna amsa.

Wasa kuwa ya same mu ta wata ƙofa. Wasan maciji na wayar Nokia ne farko, sai gidajen gem inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a PlayStation, sai kuma wayoyin Android. Duk a matsayin masu saye muka shiga. Bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa mutum ne ya zauna ya rubuta waɗannan wasanni, balle mu yi tunanin yaro zai iya.

2007: Abubuwa biyu a shekara ɗaya

A Janairun 2005 Negroponte ya sanar da shirin ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka a kan dala 100. A Nuwamban wannan shekara aka nuna samfurinta a birnin Tunis tare da Kofi Annan. Koriya ce da fari, an yi ta domin ta jure ƙura da faɗuwa, kuma an zuba mata manhajojin da suka gaji Logo, irin su Etoys da wani kunkuru na zamani. Nijeriya a zamanin Shugaba Obasanjo tana cikin ƙasashen da aka yi ta maganar za su sayi miliyan guda.

A 2007 aka yi gwaji a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, aka raba wa ɗalibai kwamfutoci kimanin ɗari uku. Yaran sun yi murna, sun kuma koyi sarrafa su da wuri. Sai matsaloli suka biyo baya. Cajin na'urorin ya zama aiki. A watan Yuli labari ya bazu cewa wasu ɗaliban sun leƙa shafukan batsa, dole aka koma neman hanyar toshewa. Kafin shekara ta ƙare wani kamfani mai suna Lancor ya shigar da ƙara a Legas, yana zargin an kwaikwayi tsarin madannansa da ake kira Konyin, wanda aka ƙera domin buga haruffan harsunan Nijeriya irin su ɓ da ɗ da ƙ, har ya nemi dala miliyan 20. Farashin kwamfutar ma bai tsaya a dala 100 ba, ya doshi 200. Gwamnati ta sauya a watan Mayu, cinikin miliyan ɗaya bai tabbata ba.

Ƙasashen da suka saya sun bar mana darasi. Uruguay ta ba kowane ɗan firamaren gwamnati kwamfuta kafin ƙarshen 2009, ta haɗa da horar da malamai da wuraren gyara, shirin ya ɗore. A Peru kuwa, inda aka kai na'urorin ƙauyuka masu nisa, binciken da aka fitar a 2012 ya nuna sakamakon yara a lissafi da karatu bai ƙaru ba. Ajiye na'ura a gaban yaro a juya baya bai isa ba.

Abu na biyu ya faru ba tare da hayaniya ba. A watan Mayun 2007 ɗin dai, wani rukuni a MIT ƙarƙashin Mitchel Resnick, wanda shi ma ɗalibin Papert ne, ya saki manhajar Scratch kyauta. Sun tsara ta ne bayan shekarun da suka yi suna aiki da yaran unguwannin marasa galihu a wani kulob ɗin kwamfuta da suka buɗe a Boston a 1993. Sun lura cewa abin da ke karya wa yaro gwiwa shi ne buga umarni da hannu, inda harafi ɗaya ko waƙafi ɗaya zai lalata komai. Saboda haka suka mayar da umarnin tubala masu launi. Yaro zai jawo tubali ya ɗora a kan wani, kuma wanda bai dace ba ba zai zauna ba. Akwai wata kyanwa da ke tsaye tana jiran umarni, amma yaro zai iya cire ta ya zana nasa, ya naɗi muryarsa, ya sa hoton ƙofar gidansu.

An yi Scratch ne domin 'yan shekara 8 zuwa 16. Ta biyu ta fito a 2013, ta ƙananan yara mai suna ScratchJr a 2014, ta uku a Janairun 2019. Masu rajista a shafinta sun haura miliyan 100. Tun 2015 kamfanin SAP na Jamus ya fara shirin Africa Code Week, inda ake koya wa yara da malamai Scratch a ƙasashen Afirka, ciki har da Nijeriya. Ana iya sauke ta a kwamfuta a yi aiki babu intanet. Ga wanda ba shi da kwamfuta, akwai Pocket Code da aka yi a wata jami'a a birnin Graz na Ostiriya, da OctoStudio da mutanen Scratch suka fitar a 2023, dukansu na waya ne kuma kyauta. Abin da zai ba wasunmu mamaki shi ne, a jerin harsunan da Scratch ke magana da su yau akwai Hausa.

Wato ƙofar da a 1982 sai an yi jigilar na'urori daga Turai, a 2007 sai gwamnati ta sa hannu, yau tana cikin aljihun yayan yaro ko jakar mahaifiyarsa.

Abin da muka gani da idonmu

A wani dogon hutu, mu uku daga cikin 'yan ƙungiyar marubuta muka ce bari mu gwada. Muna da tsohuwar laftof guda wadda batirinta ba ya wuce awa ɗaya da rabi, kullum sai mun kai ta shagon mai caji. Muka tara ƙannenmu shida a zauren gidan ɗayanmu a Birnin Kudu, maza huɗu mata biyu.

Kwana biyun farko sun tafi a kan kyanwar. Suka sa ta tafiya, suka sa ta juyi, suka yi dariya. A rana ta uku biyu ba su dawo ba. Da muka tambaya sai ɗaya ya ce, "Yaya, ai kullum kyanwar nan ce, ba ta yin komai." Muka duba darussan da muka sauke, muka ga wasan kama tuffa ne da na dodannin sararin samaniya. Yaranmu ba su taɓa ganin bishiyar tuffa ba.

Sai muka ajiye darussan muka ce wa zai ba mu tatsuniya. Wata ƙanwarmu 'yar aji biyar ta kawo ta Gizo da hankaki, wadda hankaki suka ara wa Gizo gashin fuka-fukansu domin ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, ya yi musu haɗama, suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Muka ce to ita za mu mayar wasa. Nan take zauren ya canza. Ɗaya ya zana Gizo, ɗaya ya zana ɓaure, ɗaya ya naɗi kukan hankaka da bakinsa. Waɗanda suka gudu suka dawo. Domin a sa Gizo ya faɗa ruwa, dole suka fahimci cewa fuskar Scratch tana da lambobi daga 180 a sama zuwa 180 ƙasa da sifili a ƙasa. Yaron da lissafin ƙasa da sifili ke ba shi wuya a makaranta shi ne ya gano lambar da kogin zai zauna.

Suka kafa doka: duk ɓauren da Gizo ya ci fiye da rabonsa, gashi ɗaya zai fita daga fiffikensa. Ana cikin haka sai yarinyar nan ta ɗago kai ta ce, "Yaya, to idan mai wasan bai yi haɗama ba fa? Idan ya bar wa hankaki nasu, me zai faru?"

Muka yi shiru. Tatsuniyar ba ta da wannan hanya, domin Gizon da muka gada kullum sai ya yi haɗama. Manhajar ba za ta ba da amsa ba, darasin Turanci ma haka. Sai da muka kwana muna tunani, washegari muka zo da hanyoyi biyu, yaran suka ƙi ɗaya suka gyara ɗayar. A ranar muka gane cewa wasan kwamfuta labari ne mai rassa, kuma kowane reshe sai an rubuta shi.

Daga baya muka tarar cewa masana sun riga mu gani. A jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Caitlin Kelleher ta ɗauki wata manhajar koyar da yara mai suna Alice ta sake mata fasali domin ba da labari. 'Yan matan da suka yi amfani da mai labarin sun fi sauran daɗewa suna rubuta umarni da kashi 42 cikin ɗari.

Waiwaye adon tafiya

Mu marubutan Hausa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Boko ya shigo ƙasar Hausa tun farkon ƙarni na 20, amma mutane ba su ɗauke shi abin karantawa don nishaɗi ba sai bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Injin ɗab'i yana nan kafin su. Labaran ne suka sa aka neme shi. Haka aka yi a shekarun 1980, lokacin da matasan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, mata da yawa suka dage da koyon karatu domin su karanta da kansu. Haka na'urar bidiyo ta zauna tana nuna finafinan Indiya da na Sin, har 'yan wasan Tumbin Giwa suka fito da Turmin Danya a 1990. A kowane karo kayan aikin daga waje ya zo, kuma bai zama namu ba sai da wani ya zuba masa labarinmu.

Wasu al'ummun sun riga sun yi haka da wasan kwamfuta. Mutanen Inupiyat na Alaska, waɗanda masu jin harshensu ba su kai mutanen ƙaramar hukumar Gwaram ba, sun haɗa dattawansu da masu ƙera wasa suka fitar da Never Alone a 2014. An gina shi a kan tatsuniyarsu, mai ba da labarin yana magana da harshensu, kuma ya ci lambar yabo ta BAFTA a Ingila. A Kamaru, kamfanin Kiro'o ya fitar da Aurion a 2016. A Legas akwai Maliyo Games tun 2012. Mu kuma muna zaune a kan taska. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa cikin manyan littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida a farkon shekarun 1970. Ban da waɗanda ke bakin kakanninmu da ba a rubuta ba tukuna.

Ga masu cewa akwai abin da ya fi wannan

Za a ce mana, a yankin da wasu yara ke zaune a ƙasa a aji, wasu ma ba sa zuwa makarantar, maganar wasan kwamfuta ai gata ce ta 'ya'yan masu hali. Akwai gaskiya a ciki. Tatsuniya ba za ta kawo wuta ba, ba za ta gina aji ba, kuma yara shida a zaure ɗaya ba su canza komai a lissafin jiha ba. Su ma iyayen da ke tsoron waya a hannun yaro suna da hujja, abin da ya faru a Galadima ya isa misali. Shi ya sa muka fi son manhajojin da ke aiki babu data, kuma babba yana zaune a gefe.

Amma mu tuna cewa wayar ta riga ta shiga gidajen. A kasuwar Sara ko tashar motar Birnin Kudu, dubi abin da yaro ke yi idan aka ba shi riƙon waya. Wasa yake bugawa, wanda wani ya rubuta a wata ƙasa, da jarumansa da ɗabi'unsa da abin da ya ɗauka nasara ce. Idan muka ce babu ruwanmu, yaran ba za su daina ba. Za su girma ne kawai suna ganin cewa labarin da ya cancanci shiga na'ura na wasu ne, nasu kuwa na bakin kaka ne da dare, ita ma kakar yanzu talabijin ta ƙwace mata masu sauraro.

Abin da za mu iya yi

Ba sai marubuci ya zama injiniya ba. Akwai manhaja kyauta mai suna Twine da Chris Klimas ya fitar a 2009, wadda aka yi domin marubuta. Kana rubuta labari sashe-sashe, inda kake so mai karatu ya zaɓi hanya sai ka sa kalmar a cikin baka biyu masu kusurwa, ita kuma ta buɗe sabon sashe. Idan ka gama za ta ba ka fayil guda da za ka iya tura wa mutane ta WhatsApp. Wanda bai da ko wannan, takarda da biro sun isa a fara.

Ga shawararmu ga 'yan wannan zaure. Na farko, kowa ya ɗauki tatsuniya ɗaya ta garinsu, ya nemo wurare uku da jarumin zai iya yin wani zaɓi daban, ya rubuta abin da zai biyo bayan kowanne. Za ku ga yadda wannan ke gyara ginin labari ko da ba a kai ga kwamfuta ba, domin dole ka san dalilin kowane mataki na jaruminka. Na biyu, mu je wurin dattawa da iyayenmu mata mu rubuta dokokin dara da langa da carafke da 'yar gala-gala daki-daki, yadda wanda bai taɓa gani ba zai iya bi. Na uku, mai laftof ko waya ya sauke ɗaya daga cikin manhajojin nan, idan Scratch ce ya juya ta zuwa Hausa, ya duba fassarar da idon marubuci, ya rubuta inda ta yi daidai da inda yaro zai rikice. Na huɗu, a zaunar da yaro ko yarinya ɗaya a gefe, a bar hannunsu a kan na'urar, namu ya tsaya a kan labarin.

Wasan Gizo da hankaki da ƙannenmu suka yi ba ya wuce minti uku, zanensa a karkace yake, kuma wani lokaci Gizo yakan maƙale a jikin bishiya sai an sake kunnawa. Amma har yau idan muka je gida sai sun tambaye mu yaushe za a kawo laftof, domin yarinyar nan ta ce ta samo hanya ta uku.

Wanda ya gwada tatsuniyarsa ya kawo mana a mako mai zuwa mu duba tare. Allah ya ƙara basira, ya sa alƙalaminmu ya amfani na baya.